Luwi Agasi (1807–1873): Mutumin da Ya Bi Sawun Ƙanƙara a Kan Dutse

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa na ga ya dace in ɗan kauce daga tarihin mawaƙa da marubuta da muka saba karantawa, in kawo muku tarihin wani Bature masanin halittu da duwatsu, ɗan ƙasar Suwizalan, mai suna Luwi Agasi, wanda Turawa ke rubuta sunansa Louis Agassiz. Shi ne ya fi kowa fafutukar ganin masana sun yarda cewa an yi wani zamani da ƙanƙara ta lulluɓe babban ɓangare na Turai da Amurka ta Arewa, kuma da yawa daga cikin tuddai da kwaruruka da tafkunan da ake gani a can yau sawunta ne.

Dalilai biyu suka sa na zaɓe shi. Na farko, labarinsa gwaji ne a gare mu masu nazarin harshe, domin dole mu yi bayanin abubuwan da babu su a ƙasarmu, kuma mu yi shi da Hausar da kowa zai gane. Na biyu, mutumin nan yana da ra'ayi game da baƙar fata wanda ya shafe mu kai tsaye, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Mu Fara da Kalmomi

Bahaushe ya san ƙanƙara, wadda kan faɗo tare da ruwan sama da wadda ake sanyaya ruwa da ita. Wadda ke zuba kamar gari a ƙasashen sanyi ita muke kira dusar ƙanƙara. A kan manyan duwatsu irin na Alfis, dusar da ta zuba bana ba ta gama narkewa kafin ta baɗi ta hau kanta. Shekara da shekaru nauyin ta sama yana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta koma ƙanƙara mai tauri. Idan ta yi kauri sosai sai ta fara gangarawa cikin kwari sannu a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. Wannan shi zan riƙa kira kogin ƙanƙara. Yana kankare dutsen da ya bi ta kansa, yana ɗaukar duwatsu da tsakuwa da laka, idan ya narke kuma ya zube kayansa a inda ya tsaya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Agasi ranar 28 ga watan Mayu, 1807, a ƙauyen Môtier da ke bakin wani tafki a yammacin Suwizalan, inda ake magana da Faransanci. Mahaifinsa limamin coci ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar likita ce. Tun yana yaro yake kama kifi yana kiwo yana lura da su. Iyayensa sun so ya yi aikin likita, saboda haka ya yi karatu a jami'o'in Zurik da Heidelberg da Munik. Ya sami digirin digirgir a 1829, sannan ya sami na likita a 1830, amma zuciyarsa tana wurin kifaye.

Tun yana ɗalibi aka danƙa masa tarin kifayen da wasu masana biyu Jamusawa, Spix da Martius, suka kwaso daga Barazil, domin Spix ya rasu a 1826 bai kammala nazarinsu ba. Agasi ya yi aikin, littafin ya fito a 1829 yana da shekara 22. Daga nan ya tafi Paris wurin babban masanin nan Georges Cuvier, ya kuma sami uban gida a wurin Alexander von Humboldt, wanda ya taimaka masa da kuɗi ya kuma sa baki aka ba shi aikin koyarwa a garin Neuchâtel a 1832. Tsakanin 1833 da 1843 ya fitar da littafi mai juzu'i 5 a kan kifayen da suka ƙare tun zamanin da, waɗanda sai siffarsu ake samu a cikin dutse. Da wannan aiki ya yi suna a Turai, kafin ma ya waiwayi ƙanƙara.

Mafarauci, Injiniya da Shugaban Ma'adinin Gishiri

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masana a lokacin. A kan tsaunukan Jura, waɗanda dutsensu na farar ƙasa ne, ana samun wasu manyan duwatsun giranit zaune su kaɗai, ba su da dangi a wurin. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Pierre-à-Bot, yana cikin daji a saman garin Neuchâtel, girmansa ya kai na gida, kuma asalinsa daga yankin dutsen Mont Blanc ne, nisan fiye da kilomita 100. Irin wannan zan kira baƙon dutse, jam'insa baƙin duwatsu. Ɗalibin nahawu ba zai ruɗe ba, domin da launi nake nufi da na ce baƙaƙen duwatsu.

Wa ya kawo su? Masana da yawa sun ce ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu ne. Charles Lyell ya ce teku ce ta taɓa rufe ƙasar, tsibiran ƙanƙara masu yawo a kan ruwa suka ɗauko duwatsun suka yar. Amma mutanen da ke zaune a gindin kogunan ƙanƙara suna da nasu bayani. A 1815 wani mafarauci mai suna Jean-Pierre Perraudin, mutumin kwarin Bagnes, ya shaida wa Jean de Charpentier, shugaban ma'adinin gishiri na garin Bex, cewa ƙanƙara ta taɓa cika kwarinsu gaba ɗaya, domin zane-zanen da yake gani a jikin duwatsu can nesa da ƙanƙara iri ɗaya ne da waɗanda yake gani a gindinta. Charpentier bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Wani injiniya mai suna Ignaz Venetz ne ya bi diddigi, ya gabatar da ita a taron masana a 1829, bai sami masu sauraro ba. Daga baya Charpentier ya gamsu, shi ma ya gabatar da ita a 1834, aka sake yin watsi da ita.

A lokacin zafi na 1836 Agasi ya je Bex ya zauna kusa da Charpentier, yana mai shakkar wannan ra'ayi. Charpentier ya zagaya da shi kwarin kogin Rhône ya nuna masa shaidu ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Agasi ya koma gida ya fi malaminsa zaƙewa.

Jawabin Neuchâtel

Ranar 24 ga watan Yuli, 1837, ƙungiyar masana kimiyya ta Suwizalan ta yi taronta a Neuchâtel, Agasi ne shugaba. Jama'a sun zo jin labarin kifi, sai ya ɗauko zancen ƙanƙara. Bai tsaya a kan Alfis kaɗai ba. Ya ce an yi wani zamani na tsananin sanyi da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya tun daga ƙuryar arewa har zuwa kusa da tekun Bahar Rum. Abokinsa Karl Schimper, masanin tsirrai, shi ne ya ƙirƙiro kalmar Jamusanci Eiszeit a wannan shekara, wato zamanin ƙanƙara. Taron ya hargitse. Manyan masana irin su Leopold von Buch suka ƙi amincewa, Humboldt da kansa ya ba shi shawara ya koma kan kifayensa.

Agasi bai koma ba. A 1840 shi da abokan aikinsa suka kafa sansani a kan kogin ƙanƙara na Unteraar, a ƙarƙashin wani ƙaton dutse, suka laƙaba masa sunan otal ɗin mutanen Neuchâtel don raha. Tun kafin nan ya gano cewa wata bukka da wani mai bincike, Franz Josef Hugi, ya gina a kan ƙanƙarar a 1827 ta gangara fiye da kilomita guda. Suka kafa turaku a jere daga wannan gefe zuwa wancan, bayan wani lokaci layin ya lanƙwashe, abin da ya nuna tsakiyar ƙanƙara ta fi gefenta sauri, kamar yadda ruwan kogi yake yi. Sun haƙa ramuka don auna kauri da sanyi, har aka taɓa zura Agasi da igiya cikin wata rijiya ta ƙanƙara don ya ga cikinta da idonsa. A 1840 ɗin ne ya fitar da littafinsa na nazarin kogunan ƙanƙara, Études sur les glaciers.

Sawun da Ƙanƙara ke Bari

A nan ne nake ganin gwanintar mutumin take, domin hujjojinsa irin waɗanda kowane mai ido zai iya gwadawa ne. Duk wanda ya taɓa duba rafi bayan damina ya san ruwa yana goge duwatsu su yi sulɓi, kuma yana tankaɗe kayansa: manya a wuri guda, tsakuwa a wani, yashi a gaba. Ƙanƙara ba ta tankaɗe. Tana zubar da ƙaton dutse da tsakuwa da laka a cakuɗe, kuma baƙin duwatsu da yawa suna nan da kaifin gefensu, alamar ɗauko su aka yi, ba mirgino su ba.

Alama ta biyu ita ce zane. Duwatsun da suka maƙale a ƙasan ƙanƙara suna karce dutsen da ke ƙarƙashi, su bar dogayen layuka a jere masu fuskantar gefe guda, kamar tsagar fuska. Daga su ake gane inda ƙanƙarar ta dosa. Ta uku ita ce tudun ɓaraguzai, wanda manoman Alfis masu jin Faransanci ke kira moren. Wanda ya taru a bakin ƙanƙara yana nuna iyakar inda ta kai, wanda ya taru a gefe kuma yana nuna tsayin da ta yi a cikin kwari. Ta huɗu ita ce siffar kwarin kansa. Kwarin da ruwa ya haƙa yakan tsuke a ƙasa kamar harafin V, wanda ƙanƙara ta bi kuwa yakan yi faɗi da bango a miƙe kamar harafin U. Idan teku ta shiga irin wannan kwari, shi ne mutanen Nowe ke kira fiyod.

Masanan da suka biyo baya sun ƙara wasu. Akwai eska, doguwar kunyar yashi da tsakuwa mai murɗe-murɗe kamar maciji, wadda rafin da ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙara ya bari. Akwai diramlin, tudu mai siffar ludayin da aka kife. Waɗannan kalmomi biyu daga harshen mutanen Ailan suka fito. Akwai kuma ƙananan tafkuna masu kamar tukunya, waɗanda kan samu idan wani ɓallin ƙanƙara ya binne cikin yashi, ya narke, ƙasa ta rufta. Abin lura a gare mu shi ne, kimiyya ba ta ƙirƙiro yawancin waɗannan sunaye ba, ta aro su ne daga bakin manoma da makiyaya.

A ƙarshen 1840 Agasi ya je Sikotilan, ƙasar da ba ta da kogin ƙanƙara ko ɗaya, ya zagaya tare da William Buckland, wanda a da yake cikin masu ra'ayin ambaliya. Suka iske tudun ɓaraguzai da zane a ko'ina. A kwarin Glen Roy akwai wasu layuka uku a jikin tudu, a miƙe kamar an shata hanya. Charles Darwin ya rubuta a 1839 cewa tsohuwar gaɓar teku ce. Agasi ya ce gaɓar tafki ce da ƙanƙara ta datse wa hanya, kowane layi yana nuna inda ruwan ya taɓa tsayawa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai Darwin ya sallama.

Rigima da Abokai

Sai dai wannan nasara ta zo da ɓacin rai. Littafin Agasi ya riga na Charpentier fitowa, na Charpentier sai a 1841, kuma dattijon ya ga an yi masa shigar sauri a kan aikin da shi ya koyar. Schimper ya yi fushi domin ba a ambace shi a littafin ba. Masanin Sikotilan James Forbes, wanda ya ziyarci sansanin Unteraar a 1841, shi ma sun ɓata a kan wanda ya fara gano wasu abubuwa game da tsarin ƙanƙara. A ganina gaskiyar magana ita ce, Agasi ba shi ya fara hango abin ba, amma shi ne ya faɗaɗa shi, ya auna shi, ya kai shi kunnen duniya. Laifinsa shi ne rowar yabo ga waɗanda suka riga shi.

Rayuwarsa a Amurka

Bashi ya yi masa katutu saboda maɗaba'ar da ya kafa don buga littattafansa, zaman gidansa kuma ya taɓarɓare. A 1846, da tallafin Sarkin Furushiya, ya tafi Amurka don gabatar da laccoci a Bostan. Jama'a suka yi ta tururuwa, Jami'ar Habad ta riƙe shi a matsayin farfesa. Matarsa ta farko, Cécile Braun, wadda ta zana masa hotunan kifaye da dama, ta rasu a 1848. A 1850 ya auri Elizabeth Cary, wadda daga baya ta zama shugabar farko ta Kwalejin Radcliffe ta mata. Ya kafa gidan adana halittu na Habad a 1859, kuma yana cikin waɗanda suka kafa babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar a 1863. An san shi da salon koyarwa na ajiye wa ɗalibi kifi guda a gabansa, ya hana shi buɗe littafi, ya bar shi kwana da kwanaki yana dubawa har sai ya ga abin da ke wurin da kansa.

A Amurka ya iske sawun ƙanƙara fiye da na Turai. Tsibirin Long Island da yankin Cape Cod tudun ɓaraguzai ne, manyan tafkuna biyar na kan iyakar Amurka da Kanada kuma ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurbinsu. A 1879, bayan rasuwarsa, Warren Upham ya sa sunansa ga wani tsohon tafki da narkakkiyar ƙanƙara ta tara a tsakiyar nahiyar, wanda a lokacin cikarsa ya fi waɗannan tafkuna biyar faɗi in an haɗa su. Tafkin Winnipeg na yau ragowarsa ne.

Ba duk abin da ya faɗa ya tabbata ba. Ya ɗauka sanyin ya zo ne farat ɗaya ya hallaka duk wani mai rai. Ya ƙi ra'ayin Darwin na 1859 har ƙarshen rayuwarsa. A tafiyarsa ta Barazil a 1865 zuwa 1866 ya yi iƙirarin ganin sawun ƙanƙara a kwarin Amazon, abin da ba haka ba ne. Yau an san ƙanƙara ta zo ta koma sau da yawa, ta kai ƙololuwa ta ƙarshe kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da teku ta ja baya da kusan mita 120, kuma wannan zango ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce. Abin mamaki, hanyar da ya koyar ta karanta zane a kan dutse ita ce ta nuna cewa Sahara ma ta taɓa kwana ƙarƙashin ƙanƙara, kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce. Ana ganin alamun a kudancin Aljeriya da yankin Jado na arewa maso gabashin Nijar.

Ra'ayinsa Game da Baƙar Fata

Yanzu na zo wurin da ya fi nauyi. A 1846, a wani otal a Filadelfiya, baƙaƙen fata ma'aikata suka kawo masa abinci, sai ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa cike da ƙyamarsu. Daga nan ya zama babban mai yaɗa ra'ayin cewa 'yan Adam ba tushensu ɗaya ba, wai kowane jinsi an halicce shi daban, kuma baƙar fata yana ƙasa. Ya ce shi ba mai goyon bayan bauta ba ne, amma masu bayi sun yi amfani da sunansa da darajarsa wajen kare kansu. A 1850 ya sa aka ɗauki hotunan wasu bayi a jihar Karolina ta Kudu, an tuɓe musu tufafi, don ya kafa hujja da jikinsu. Cikinsu akwai wani dattijo mai suna Renty da 'yarsa Delia. A 1863 kuma ya ba hukumar gwamnati shawara a hana auratayya tsakanin farare da baƙaƙe.

Wasu kan ce ɗan zamaninsa ne. Ban gamsu da wannan uzuri ba, domin uban gidansa Humboldt ya tsaya a kan cewa 'yan Adam jinsi guda ne, ya kuma la'anci bauta. Mutumin da ya hana ɗalibansa yanke hukunci a kan kifi sai sun duba da kyau, shi ne ya yanke wa miliyoyin mutane hukunci daga kallo ɗaya a ɗakin cin abinci.

Agasi ya rasu ranar 14 ga watan Disamba, 1873, a Kambirij ta jihar Masacusets. An ɗauko dutse daga tudun ɓaraguzan kogin ƙanƙara na Aar aka ɗora a kan kabarinsa. Hotunan bayin nan sun ɓace a ɗakin ajiya na Habad har sai 1976. A 2019 wata mata da ta ce Renty kakanta ne ta kai jami'ar ƙara, a 2025 kuma jami'ar ta amince ta miƙa hotunan ga gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Charleston. A Neuchâtel, dandalin da ke ɗauke da sunansa an sauya masa suna a 2019 zuwa na Tilo Frey, wadda aka haifa a Marwa ta arewacin Kamaru a 1923, mahaifinta ɗan Suwizalan, mahaifiyarta Bafulatana, kuma tana cikin matan farko da aka zaɓa zuwa majalisar ƙasar a 1971.

Kammalawa

Ban kawo wannan tarihi don a yabi Agasi kawai ko a tsine masa kawai ba. Abin da ya faɗa game da ƙanƙara ya tsaya domin duwatsu sun ba da shaida, abin da ya faɗa game da mu ya rushe domin ba shi da shaida sai son zuciya. Darasin da na ɗauka a matsayina na ɗalibin harshe shi ne na Perraudin, mafaraucin da ya riga farfesoshi gane gaskiya da shekara ashirin. Idan muka fita aikin tattara bayanai wurin tsofaffi da maƙera da masunta, mu rubuta sunayensu, mu kuma ba su haƙƙinsu a cikin kundayenmu. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, wato kogin ƙanƙara da baƙon dutse da tudun ɓaraguzai, shawara ce kawai. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.